Kati, faifai da tabarau: Kayan kyamarar da ke sa hoto ya zama hujja, daga hawan Daura zuwa rumfar zaɓe

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Daura ranar hawan Sallah da kyamara ko waya a hannu ya san wannan takaici. Ido ya ga mahayi cikin farar babbar riga da rawani, ya ga fuskarsa sarai, ya ga ja da koren rigunan dogarai. Da aka koma inuwa aka duba hoton, sai a tarar rigar ta yi fari fat, aikin wuyanta ya ɓace, fuskar kuma ta nutse a ƙarƙashin rawani har ba a shaida mai ita. Wani lokaci ma duk hoton ne zai rine ya yi ruwan ƙasa saboda ƙurar da kofatai suka tayar.

Hoton hawa idan ya lalace, asarar ba ta wuce ta tunawa ba. Amma irin wannan matsala ce ke samun hoton takardar sakamakon zaɓe da aka ɗauka da daddare, da na rufin ajin da ya rufta, da na ruwan rijiyar burtsatse da jama'a ke kuka da launinsa. A nan hoto shaida ne, kuma shaidar da ba a iya karantawa ba ta da amfani a gaban edita, balle a gaban alƙali. Wannan bayani ya tattaro ƙananan kayan da ake haɗa wa kyamara domin sarrafa abubuwa uku: launi, haske, da zurfin wurin da ke fitowa garau, tare da yadda suke aiki a yanayi irin na masarautar Daura, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura, Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango.

Daidaita fari: me ya sa launi ke sauyawa?

Haske kala-kala ne, ko da yake ido ba ya nuna mana hakan. Ƙwaƙwalwa ce ke gyara abin da ido ya kawo mata, shi ya sa farar takarda take zama fara a wurinmu ko a rana ko a gaban aci-balbal. Kyamara ba ta da wannan baiwa, kintace take yi.

Ana auna launin haske da ma'aunin Kelvin, wanda aka sa wa sunan masanin kimiyyar nan na Birtaniya, Lord Kelvin. Harshen kyandir yana wajen 1,900, tsohon ƙwan lantarki mai zare yana tsakanin 2,700 da 3,200, hasken rana tsaka yana wajen 5,500, inuwa a ƙarƙashin sararin sama kuwa takan kai 7,000 ko ta haura. Idan lambar ta yi ƙasa haske yana karkata ga ja da rawaya, idan ta yi sama yana karkata ga shuɗi. Daidaita fari shi ne gaya wa kyamara wane irin haske ne a wurin, domin ta mayar da fari fari, sauran launuka su biyo baya.

Masu bin kafafen sada zumunta za su tuna hoton rigar nan da ya raba kan duniya a watan Fabrairun 2015, wasu na rantsuwa fara ce da ruwan zinare, wasu na cewa shuɗiya ce da baƙi. Rigar shuɗiya ce da baƙi. Rashin tabbas kan irin hasken da ya faɗa mata ne ya sa kowace ƙwaƙwalwa ta yi nata gyaran.

Kayan aikin da ke warware wannan shi ne katin toka: ɗan kati mai launin toka wanda ba ya karkata ga kowane launi, kuma yana mayar da kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya faɗa masa. Ana riƙe shi a daidai inda abin ɗauka yake, hasken da ke dukan abin ya dake shi, a ɗauke shi, sannan a umarci kyamara ta ɗauki wannan a matsayin ma'auni. Idan aka tashi daga rana aka shiga zaure, sai an sake. Akwai kuma kati mai murabba'ai 24 na launuka daban-daban, wanda aka fi sani da ColorChecker, ga mai son tabbatar da kowane launi, da kuma wani farin murfi da ake kifawa a bakin madubin kyamara a auna hasken da shi.

Da yawa sukan nufi farar rigar wani su daidaita fari da ita. A ƙasar Hausa wannan kuskure ne, domin farar shadda da yadi sukan sha bula wajen wanki, takardar ofis ma ana sa mata sinadarin da ke ƙara mata ƙyallin shuɗi. Kyamara za ta yi ƙoƙarin kashe wannan shuɗin, sai duk hoton ya koma rawaya.

Ga ɗan jarida mai bincike, katin yana da wani amfani na daban. Idan labarin a kan launin ruwan sha ne, ko taki, ko hatsin da aka raba, a sa katin a cikin hoton kusa da abin. Duk wanda ya yi musu daga baya cewa an rina hoton, katin zai raba gardama.

Tarihin da ya shafi fatarmu

Tun daga shekarun 1950, kamfanin Kodak na Amurka yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, domin su daidaita injinansu da shi. Ma'aunin kyawun hoto ya zama farar fata ke nan, baƙar fata kuwa ta riƙa fitowa babu fasali. Binciken malamar jami'a Lorna Roth ta ƙasar Kanada ya nuna cewa koke-koken kamfanonin cakulan da na kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fita da kyau a talla, na cikin abin da ya sa aka inganta launin ruwan ƙasa a fim. Sai a tsakiyar shekarun 1990 kamfanin ya fitar da kati mai mata masu launin fata daban-daban.

Kyamarorin yau sun ci gaba ƙwarai, amma ma'aunin haskensu har yanzu yana ɗauka cewa duk abin da ke gabansa, idan aka cakuɗa shi, matsakaicin toka ne. Idan farar riga ta cika hoton, sai ya ga haske ya yi yawa ya rage, fuska ta ƙara duhu. Idan aka buɗe domin fuska, rigar ta ƙone. Babu saitin da zai gamsar da su biyun a rana tsaka. Mafita ita ce a kai wa fuskar ƙarin haske.

Haske: faifai, rariya, filasha da fitila

Daura tana wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya. A ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta rana takan tsaya cak a tsakar ka, sauran watanni ma ba ta yin nisa da hakan. Hasken da ke sauka daga sama kai tsaye yana cika kwarmin ido da inuwa, hula da rawani da mayafi su ƙara nasu. Hantsi da la'asar sakaliya su ne lokutan da haske ke zuwa ta gefe da taushi, amma labari ba ya jiran la'asar.

Faifan mayar da haske shi ne abu mafi araha kuma mafi amfani. Zagayayyen ƙyalle ne mai waya a baki, ana naɗe shi ya shiga jaka. Wanda aka fi samu yana da fuska biyar. Fara tana mayar da haske mai taushi. Mai ruwan azurfa tana mayar da mai ƙarfi, ta dace da inuwa ko nesa, amma a rana tana kashe ido. Mai ruwan zinare tana ɗumama launi, kuma a garin da ƙasa da katanga suka riga suka yi ja takan wuce gona da iri. Baƙa tana shanye haske, ta ƙara inuwa a gefen da ake so. Ta biyar, wadda haske ke ratsawa, ita ce rariyar haske: ana ɗaga ta tsakanin rana da mutum, ta tace zafin hasken. Wanda ba shi da faifai, farin kwali ko abin tare rana da ake shimfiɗawa a gilashin mota zai yi masa aiki.

Filasha ma tana da amfani da rana, domin ƙaramin bugunta yana cike inuwar da ke ƙarƙashin rawani. Da dare kuwa, idan aka harba ta kai tsaye, tana sa goshi ƙyalli, baya ya yi baƙi ƙirin. A cikin ɗaki mai farin silin gara a juya kanta sama, hasken ya daki silin ya dawo. A soro mai jar ƙasa ko ɗaki mai koren fenti wannan dabara ba ta yi, domin hasken zai ɗebo launin bangon ya zuba a fuska. A nan sai a sa mata ƙaramin akwatin tausasa haske. Ƙa'idar ita ce, gwargwadon faɗin tushen haske da kusancinsa, gwargwadon taushin inuwarsa.

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata a haddace: idan aka ninka nisan fitila sau biyu, hasken da ke isa ga mutum yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa a hoton taron dare sahun gaba ke ƙonewa, na baya su ɓace.

Fitilar LED mai batir ita ce abokiyar mai ɗaukar bidiyo a inda wuta ba ta da tabbas. A nemi wadda ake iya sauya launinta daga 3,200 zuwa 5,600, kuma a duba lambar CRI da ke jikinta, wadda ke nuna amincinta ga launuka. Daga 95 zuwa sama ita ce ta dace da fata. Masu arha sukan zuba wa fuska kore-kore. Idan haske iri biyu ya haɗu a wuri ɗaya, misali hasken taga da na ƙwai mai rawaya, babu katin da zai daidaita su duka. Ko dai a kashe ɗaya, ko a lulluɓe fitilar da ledar launi, ruwan lemo ko shuɗiya, har ta yi daidai da ɗayan.

Wutar lantarkin Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma fitilu da yawa suna ƙiftawa tare da ita. Wayoyi da dama suna zuwa a saitin hoto 30 a daƙiƙa, wanda ya dace da wutar Amurka mai juyi 60. Wannan saɓani ne ke jawo layukan da ke yawo a bidiyon ɗakin taro. A mayar da saitin 25 a daƙiƙa, saurin labulen kyamara kuma 1/50 ko 1/100. Wutar janareta takan yi sama da ƙasa, don haka a gwada kafin a fara.

A wurin hawa kuwa, a nisanta filasha da faifan azurfa daga idon doki. Dokin da ya firgita a cikin cunkoso yana iya jawo abin da ya fi asarar hoto.

Zurfin garau: abin da ke fita da abin da ke dushewa

A kowane hoto akwai tazara, daga gaba zuwa baya, wadda abin da ke cikinta ke fita garau, na wajenta kuma ya yi dishi-dishi. Abubuwa huɗu ke ƙayyade ta: faɗin ƙofar haske da ke cikin madubi, tsawon madubin, nisan abin ɗauka, da girman farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara.

Ana rubuta faɗin ƙofar da lambobi irin su f/1.8, f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11 da f/16. Ƙaramar lamba na nufin ƙofa a wangale, haske da yawa, zurfi kaɗan. Babbar lamba na nufin ƙofa a tsuke, haske kaɗan, zurfi mai yawa. Daga f/2.8 zuwa sama, kowane mataki a wannan jeri yana rage haske da rabi. Misali, a kyamara mai cikakken faranti, da madubi mai milimita 50, mutum na tsaye a nisan mita biyu, f/1.8 zai ba da zurfin kusan santimita 17 kacal. Idan aka tsuke zuwa f/8, zurfin zai kai kusan santimita 80. Madubi mai milimita 24 a f/8, idan aka saita shi a kan mita biyu da rabi, zai fitar da komai daga mita ɗaya da 'yan kai har iyakar ganin ido, shi ya sa masu ɗaukar taro da zanga-zanga suke son sa.

Matsalar ƙasarmu ita ce yawan haske. Mai bidiyon da ya tsayar da labulensa a 1/50 da rana tsaka, ko da ya sauke ISO zuwa 100, dole ya tsuke ƙofa zuwa wajen f/22. Idan yana son f/2.8 domin ya ware wanda yake hira da shi daga hayaniyar kasuwar Mai'adua, sai ya rage haske mataki shida. Wannan shi ne aikin tabaran kyamara, baƙin gilashin da ake ɗaurawa a bakin madubi, wanda ake kira ND. Yana rage haske ba tare da ya taɓa launi ba. ND2 yana rage mataki ɗaya, ND4 biyu, ND8 uku, ND64 shida, ND1000 kusan goma. Akwai wanda ake murɗawa a ƙara ko a rage duhunsa, amma mai arha yakan sauya launi, kuma idan aka murɗa shi ƙarshe yakan zana baƙin gicciye a hoton. Bayan an ɗaura kowane tabarau, a sake daidaita fari da kati.

Ɗan'uwansa shi ne gilashin kashe ƙyalli. Yana cire walƙiyar da ke kan ruwa, gilashin mota da goshi mai gumi, yana kuma ƙara wa sama shuɗi, musamman idan rana tana gefen mai ɗauka. Yana cin haske mataki ɗaya zuwa biyu, don haka a cire shi a wuri mai duhu kamar ginin da ya rufe rijiyar Kusugu. A irin wannan wuri abin da ake buƙata shi ne mariƙi mai ƙafa uku, wanda zai ba da damar tsuke ƙofa a bar labule a buɗe na ɗan lokaci ba tare da hannu ya girgiza ba. Malafar madubi kuma tana tare hasken da ke shigowa ta gefe ya wanke hoton.

Wayar hannu, saboda ƙanƙantar farantinta, kusan komai take fitarwa garau. Dushewar bayan da take yi a saitin hoton fuska manhaja ce ke ƙirƙira ta, kuma takan gutsure gefen rawani ko ta shafe wani abu da ke wurin. Bai kamata a yi amfani da wannan saiti a hoton da za a kafa hujja da shi ba.

Yadda madubi ke shiga siyasa

Mai karatu da ya fahimci abin da ya gabata zai fara kallon hotunan siyasa da wani ido. Dogon madubi, idan aka ɗauka daga nesa, yana matse na gaba da na baya su zama kamar a manne, sai mutum ɗari biyu su cika hoto maƙil. Gajeren madubi daga wuri mai tudu yana tona duk wani gurbi da ke fili. Magoya baya sukan yaɗa na farko, abokan hamayya su yaɗa na biyu, alhali taro ɗaya ne. Haka nan buɗaɗɗiyar ƙofa tana iya fitar da mai yanka kirtani garau, ginin da ba a gama ba ya narke a bayansa. Ɗan jarida na gari yakan kawo duka biyun: hoto mai faɗi da ke nuna wurin yadda yake, sannan na kusa.

Daura ta ga irin wannan cincirindo na kyamarori a ranar 15 ga Yulin 2025, lokacin da aka yi jana'izar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari, wanda ya rasu a Landan ranar 13 ga watan. Tana ganin su kuma duk shekara a hawan Sallah da Sallar Gani, a ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, wanda ke kan karaga tun 2007. Hotunan da aka ɗauka a irin waɗannan ranaku su ne za su zama tarihin garin a wurin waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Daren ƙidayar ƙuri'a

A zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, hukumar INEC ta tsara cewa jami'in rumfa zai ɗauki hoton takardar sakamako ta EC8A da na'urar BVAS, ya ɗora a shafin IReV domin kowa ya gani. An yi ta ƙorafi kan jinkirin ɗorawa, kuma wasu daga cikin hotunan da suka hau ba sa karantuwa. A rumfuna da yawa ƙidaya takan kai dare, a gama ta da tocilan waya. Wakilin jam'iyya, mai sa ido da ɗan jarida duk suna buƙatar sanin yadda ake ɗaukar takarda.

A shimfiɗa ta a kan abu mai lebur, a danne kusurwoyinta. Waya ta kasance a saman takardar daidai, ba a karkace ba, domin a kusa zurfi kaɗan ne, kuma karkacewa tana dusar da rabin lambobin. Kada a kunna filashar wayar da ake ɗauka da ita, saboda haskenta yana dawowa cikin madubi ya shafe rubutu. Wani ya riƙe fitila a gefe, a jirkice, in da hali biyu, dama da hagu. A ɗan ja baya, a tabbatar lambar rumfa, hatimi da sa hannu duk sun shiga, sannan a ɗauki na kusa. A buɗe hoton nan take a karanta kowace lamba kafin a bar wurin. A tuna kuma cewa hukumar zaɓe ta hana shiga wurin dangwala ƙuri'a da waya.

Asalin hoton shi ne dukiyar. WhatsApp yana matse hoto ya cire bayanan lokaci da na'urar da ke ɓoye a cikinsa, sai fa idan an aika shi a matsayin fayil. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi abin da ya fito daga na'ura mai ƙwaƙwalwa, don haka wanda ya adana asali da wayar da ta ɗauka ya fi tsayawa da ƙafafunsa.

Iyakar gyara

A watan Yunin 1994, mujallun Time da Newsweek suka fito da hoto ɗaya na O.J. Simpson a bangonsu. Time ta ƙara wa nata duhu, aka yi mata ca da zargin wariyar launin fata. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya raba gari da wani mai ɗaukar hoto da ya ƙara hayaƙi a hoton birnin Beirut. Ƙa'idar da manyan gidajen jarida ke bi ita ce: a gyara haske da launi domin su dace da abin da ido ya gani, kada a ƙara ko a cire komai. Mai ɗauka da tsarin RAW yana iya sauya daidaiton fari daga baya, kuma fayil ɗin yana zama shaidar abin da kyamara ta gani.

Wannan ya shafi hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta rufe gari da hazo. Idan labarin a kan hazon ne, a bar kyamara a saitin hasken rana, kada a bari ta wanke launin, domin launin shi ne labarin. Kayan aiki ma suna buƙatar kariya a wannan lokaci: farin gilashi a bakin madubi, ƙaramin zugazugin roba na hure ƙura kafin a goge, da guje wa sauya madubi a fili. Goge madubi da bakin riga alhali akwai yashi a kansa yana karce shi har abada.

Me za a fara saya?

Ga mai ƙaramin ƙarfi, katin toka da faifai mai fuska biyar ne farko, domin suna aiki da waya kamar yadda suke aiki da babbar kyamara. Sai ƙaramar fitila mai batir da mariƙi mai ƙafa uku. Tabarau da gilashin kashe ƙyalli su biyo baya, bayan an duba faɗin bakin madubi, wanda ake rubutawa da milimita a jikinsa, kamar 52, 58, 67 ko 77. Dabara ita ce a sayi babba guda ɗaya, a haɗa da zobban da ke daidaita shi da ƙananan madubai. Duk abin da za a saya, a gwada shi a bakin shago da rana, a ɗauki kati da shi da kuma ba shi, a kwatanta launin kafin a biya.

Sauran kuwa ladabi ne, kuma shi ba a sayensa. A nemi izini kafin a haska fuskar dattijo ko matar aure, a bi umarnin dogarai a fada, a sakaya fuskar yaro da ta duk wanda hoton zai iya jefawa cikin haɗari.